Ranar da Aka Bar Inna a Gida

"Mama! Mama, da gaske a wurin akwai jirgin ruwa? Ni zan tuƙa?"

Maman Aku ba ta ɗago kai ba. Tana durƙushe a gaban gadon surukarta, tana murza mata man zafi a ƙafar hagu, ƙafar da ta daina motsi tun ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da tsohuwar a bakin famfo, wata goma sha huɗu ke nan. 'Yarta mai shekara biyar, wadda aka laƙaba wa Aku saboda bakinta ba ya hutawa, ta daka tsalle ta haye katifar.

"Sauka kar ki danne wa Inna hannu! Kwalekwale ne, kuma ba a ba yara tuƙi."

Inna ta yi 'yar dariyarta ta gefen baki, ta riƙo ƙafar jikarta da hannunta mai lafiya. "Bar... ta," in ji ta a hankali, don tun bayan ciwon sai ta ja kowace kalma kafin ta fito.

Ana cikin haka aka ji tarin tsohuwar motar maigidan a ƙofar gida. Gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ne sana'arsa, shi ya sa kowa a layin ke ce masa Injiniya, har matarsa. Inna da yayarsa kaɗai ke kiran sa Auta. Ya shigo da sallama, rigarsa duk baƙin mai, ya tsuguna ya gaida mahaifiyarsa, sannan ya juyo yana washe baki.

"Madam, magana ta tabbata! Jibi Asabar na rufe shago, firjin duk wanda ya mutu sai dai ya sha ruwan ɗumi. Tafkin nan za mu je, tafiyar awa ɗaya ce kacal, mu wuni mu dawo. Yau kun je asibiti, ko? Me likita ya ce — Inna za ta iya zaman mota?"

Abin da likitan ya faɗa da safiyar ranar yana nan daram a kunnenta. "Ku riƙa fitar da ita," ya ce. "Shan iska da ganin mutane zai yi mata abin da ƙwaya ba za ta yi ba." Inna na zaune a kekenta lokacin da ya faɗa, har ta ɗaga kai ta yi masa murmushi.

Amma Maman Aku ta yi mako guda tana ƙiyasta wannan Asabar a ranta. Wata goma sha huɗu ita ce wanka, ita ce ɗagawa, ita ce juyawa, ita ce kai fo da wanke zanin gado. Keken ɗinkinta yana lulluɓe a kusurwar falo, masu kawo mata ɗinki duk sun koma wani wuri. Rabon da su zauna da mijinta su yi hira har ta kai ƙarshe ba a kira ta ba, ta manta. Idan aka tafi da Inna, ta san yadda wunin zai kasance: tura keke a cikin yashi, neman banɗaki mai faɗi, lissafin lokacin magani. Wato aikin gida ne za a ɗauka a kai bakin ruwa.

Ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba.

"Ya ce... ya ce tukuna. Wai jijjigar mota ba za ta yi mata kyau ba."

"Kash!" Injiniya ya dafe goshi. "Inna, kin ji fa. Ko mu fasa gaba ɗaya?"

Inna ba ta dubi ɗanta ba. Surukarta ta duba, kallo mai tsawo wanda babu faɗa a cikinsa, sai da Maman Aku ta ji man zafin da ke hannunta kamar a fuskarta aka shafa shi.

"Ha...ka ne," in ji tsohuwar. "Ku je. Ku kai... yarinya."

Ranar Asabar Maman Aku ta riga kowa tashi. Ta yi wa Inna wanka da ruwa mai ɗumi fiye da na kullum, ta yanke mata farce, ta taje mata kai, ta jera magunguna a faranti kowanne da lokacinsa. Ta roƙi maƙwabciyarsu, tsohuwar nas da ta yi ritaya, ta zo ta wuni da ita. Duk abin da ta yi sai ta ga bai isa ba, ta sake komawa ta gyara filo.

Tana gyaran filon ne hannunta ya taɓo wani abu a ninke. Mayafin Inna ne mai ruwan toka, na fita unguwa, wanda rabon da a ciro shi daga akwati tun kafin ciwon.

"Ni na ɗauko mata!" in ji Aku daga bakin ƙofa, tana fama da takalmi. "Ranar da kuka dawo daga asibiti ta ce in ciro mata, wai za ta je ganin ruwa."

"Mai...da shi," in ji Inna, ta juya fuskarta bango.

Maman Aku ta mayar da shi akwati. Sau biyu ta buɗe baki za ta ce, "Inna, tashi mu tafi," sau biyu Injiniya na danna hon a waje. Ta ɗauki kular abinci ta fita, ko waiwaye ba ta iya yi ba.

A hanya Injiniya kamar an mayar da shi saurayi. Ya sauke gilashi, ya kunna rediyo, yana bin waƙar da muryarsa mai kama da ta injin markaɗe, Aku na baya tana ƙirga shanu. Da suka bar cunkoson gari ya miƙo hannu ya riƙo nata.

"Madam, kin tuna ranar da na zo gyaran firjin gidanku? Minti goma ne aikin, na yi awa uku."

"Na tuna. Har Baba ya ce ko sabon firji kake ƙerawa."

"To yau ma haka zan ja wunin nan. Yi murmushi mana, pilis! Fiknik muka zo, ba gaisuwar rashin lafiya ba."

Ta yi murmushin, amma iyakarsa leɓe.

Wurin ya fi yadda ta zata kyau. Ruwa shimfiɗe har inda ido ya ƙare, bishiyoyi masu inuwa a jere a gaɓa, bencina na siminti, lilon yara, mai aiskirim yana kaɗa ƙararrawa. Iska mai sanyi tana tasowa daga kan ruwan tana kaɗa mata mayafi. Suka shimfiɗa tabarma, ta zuba shinkafa da soyayyiyar kaza, ta tsiyaya shayi daga filas. Ga shi dai abin da ta yi mako tana so: babu mai kiran ta, babu fo, babu agogo. Amma ko loma ɗaya ba ta ji daɗinta ba. Ƙarfe goma sha biyu na yi ta ji jikinta ya zabura da kansa, lokacin juya Inna ne. Ko Nas ta tuna? Ko ta san sai an sa filo a ƙarƙashin gwiwa?

Can gefe wata mota ta tsaya. Samari biyu suka fito da wani dattijo, suka ɗauke shi cak da kujerarsa suka kai shi har bakin ruwa. Suka naɗe masa ƙafar wando, ɗayan ya riƙa ɗebo ruwa da tafin hannu yana zuba masa a ƙafa. Tsohon sai dariya yake yi, bakinsa babu haƙori ko ɗaya.

Injiniya ya daɗe yana kallon su. Da Aku ta ruga wurin lilo, ya ajiye kofinsa.

"Kin san abin da ya sa na zaɓi nan? A bakin kogi Inna ta tashi. Muna yara kullum labarinta ke nan, yadda suke iyo su tsallaka su dawo kafin a neme su. Watan jiya ina gyara mata fanka ta ce min, 'Auta, ina so in ƙara ganin ruwa mai yawa.' Ban gaya miki ba, amma tun ranar na ƙudurta zan kawo ta nan." Ya yi ajiyar zuciya. "Amma lafiyarta ta fi. Allah ya sa kina bin maganar likita sau da ƙafa. Wallahi Madam, ko 'yar da ta haifa ba za ta yi mata abin da kike yi ba. Kullum in na yi salla sai na gode wa Allah da ya ba ni ke."

Da zagin ta ya yi, da ta iya daurewa. Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ke fitowa da shessheƙa tun daga ciki.

"Subhanallahi! Me na faɗa?"

"Ka daina yabo na, don Allah ka daina! Ƙarya na yi maka. Likita bai hana ba. Cewa ma ya yi a riƙa fitar da ita."

Ta ɗago ta dube shi. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Inna tana wurin lokacin da likitan ya faɗa?"

"Tana wurin."

"Kuma a gabanta kika gaya min akasin haka."

"Eh."

"Ta ce min 'haka ne'." Ya juya ya dubi ruwan. "Uwata ta yi min ƙarya don ta rufa miki asiri, ni kuma na bar ta a ɗaki tana kallon bango, na zo nan ina waƙa."

"Rana ɗaya kawai na so, Injiniya. Ni da kai..."

Ya miƙe ya fara rufe kuloli. Ya kaɗe tabarma, ya ɗauko Aku daga kan lilon da ke dab da su, inda duk maganar ta shiga kunnenta, tana wutsil-wutsil tana ihun ba ta hau kwalekwale ba. Har suka iso gida babu wanda ya kunna rediyo.

A ƙofar gida suka tarar da wata mota fara. Maman Aku ta gane motar nan take. Yaya Babba ce, yayar Injiniya, shugabar wata makarantar firamare a ɗaya ɓangaren garin. Takan leƙo sau ɗaya a wata da ledar lemu da ayaba, ta yi awa guda tana gyara wa kowa zama, ta tafi.

Suka same ta zaune a bakin gadon Inna, Nas ta riga ta koma gida. "A'a, 'yan yawon shan iska! Tun yanzu? Na zo na tarar da uwata a hannun maƙwabta, aka ce wai likita ya hana ta fita."

Kafin wani babba ya yi magana, Aku ta faɗa jikinta tana kuka. "Gwaggo, ba mu hau kwalekwale ba! Mama ta ce ƙarya ta yi, likita bai hana Inna ba, shi ne Abba ya yi fushi!"

Yaya Babba ta miƙe a hankali, ta cire tabarau.

"Me na ji? Auta, gaskiya ne?"

Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Lallai! Ashe abin da ake yi ke nan a bayan idonmu! Uwarmu ta zama kaya, a ajiye ta a tafi cin kaza a bakin ruwa? Ke, dube ni nan! Yau ƙaryar likita, gobe kuma ta me? Wa ya sani ma ko maganin kina ba ta? Mu muna can muna cewa Allah ya ba mu suruka ta gari, ashe fuska biyu gare ki!"

Maman Aku ta durƙushe a tsakar ɗakin, hawaye na zuba. Amsoshi sun cika mata baki: sau nawa Yaya ta taɓa wanke zanin gado ɗaya? Sau nawa ta kwana a asibiti? Amma ta san ko duk ta faɗe su ba za su mayar da ƙaryarta gaskiya ba. Ta haɗiye su.

"Na yi laifi, Yaya. Ku yi haƙuri."

"Haƙuri? Haɗa min kayanta! Yau ɗin nan zan tafi da uwata, tunda ta gundure ku."

"Yaya, a bi a hankali..." in ji Injiniya.

"Rufe min baki, kai da aka mayar da kai abin wasa!"

Inna ta bubbuga gefen gado da hannunta mai lafiya. Kowa ya juyo gare ta. Ta dubi 'yarta, ta dubi surukarta da ke ƙasa.

"Zan... je," ta ce.

Wannan kalma ta fi duk zagin Yaya yi wa Maman Aku ciwo. Ta tashi ta haɗa kayan tana share ido. Ta samu takarda ta rubuta komai dalla-dalla: lokacin kowane magani, juyi duk bayan awa biyu, yadda ake tallafo kafaɗar hagu kada ta goce, irin ɗumin ruwan da fatarta ke ɗauka. Yaya Babba ta karɓi takardar da yatsa biyu.

"Ni za ki koya wa rainon uwata?" Amma dai ta cusa ta a jaka.

Gidan ya yi faɗi. Hutun da Maman Aku ta yi ta nema ga shi ya zo har ya yi yawa, ta rasa inda za ta sa shi. Ta yaye lulluɓin keken ɗinki, ta zauna, ta kasa ɗinka ko layi ɗaya. Duk bayan awa biyu sai ta tsinci kanta a ƙofar ɗakin Inna tana kallon katifa babu kowa. Injiniya kuwa bai zage ta ba, bai ƙi cin abincinta ba. Sai dai "Madam" ta ɓace daga bakinsa. "Sannu." "Na fita." "Na dawo." Shi ke nan. Ta ci gaba da yi masa duk abin da ta saba, ba ta yi masa magiya ba, ba ta kai ƙara gidan iyayenta ba. Kullum da safe takan tura wa Yaya saƙo tana tambayar jikin Inna, ana karantawa ba a amsawa.

Ranar Laraba da sassafe Yaya ta kira ƙaninta. Masu duba makarantu za su zo, ba ta da halin zama, mai aikinta kuma ta ce ita ba a ɗauke ta jinya ba. Injiniya ya rufe shago ya tafi.

Da la'asar sakaliya ya dawo. Maman Aku na kicin tana yanka albasa ta ji shigowarsa, tafiyar ba irin tasa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa dafe da ƙugu, hannun rigarsa jiƙe har gwiwar hannu. Sai kawai ya zame ya zauna a ƙasan kicin ɗin, ya jingina da buhun shinkafa.

"Sau nawa kike ɗaga ta a rana?"

Ta ajiye wuƙar. "Ban taɓa ƙirgawa ba."

"Ni na ƙirga. Tara, daga safe zuwa yanzu. Ni da nake ɗaukar firji a baya, ga shi ƙuguna ya riƙe." Ya dubi tafin hannunsa. "Na ba ta shayi ya yi zafi, ta ƙone harshe. Na juya ta na manta filon gwiwa. Duk abin da na yi sai in koma in duba takardarki. Yaya ta manna ta a bango, kin sani? Wuni ɗaya ke nan. Ke kin yi wata goma sha huɗu, ni kuma iyakata in shigo in ce 'Inna ya jiki', in ce miki 'Allah ya yi albarka', in nemi abinci."

"Wannan bai wanke ni ba, Injiniya."

"Bai wanke ki ba," ya amsa. "Ƙaryar ta yi min ciwo, har yanzu tana yi. Me ya hana ki ce min kin gaji? Ni baƙo ne?"

"Kunya na ji." Ta share ido da bakin zane. "Kowa na yabo na, kai ma kana yabo na. Ta yaya zan buɗe baki in ce na gaji da jinyar uwar mijina? Sai na ga kamar in na faɗa, duk abin da na yi a baya ya zube. Kuma wallahi ba Inna na gaji da ita ba. Jikina ne kawai ya..."

"Na sani. Yau na sani." Ya miƙo hannu ya jawo ta, ta zauna kusa da shi a ƙasan. "Yabon nan da nake yi miki, ashe hanyar gudu ce na samu. In na yabe ki sai in ji na sauke nawa nauyin. Ki yafe min, Madam."

Jin sunan nan ya sa ta kifa kai a kafaɗarsa ta yi kuka mai isarta. Shi ma yana ta murza ido yana cewa albasar nan tata akwai yaji.

Ranar Juma'a da hantsi farar motar ta tsaya a ƙofar gida. Yaya Babba ta fito ba kwalliya, ɗankwali a karkace, idanu sun faɗa. Ita da Injiniya suka shigo da Inna suka kwantar. Sannan ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana juya makullin mota a hannu, kamar ɗalibar da aka kira ofis.

"Tun shekaranjiya take ce min in mayar da ita wurin 'yarta. Na ce ai ga ni. Ta ce ba ni take nufi ba." Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da hawaye. "Ƙanwata, bakina ya yi miki kaifi. Na ce ko maganin kina ba ta — Allah ya yafe min wannan magana. Kwana shida kawai na yi, sau biyu ina shiga banɗaki in rufe ƙofa in yi kuka."

"Ba komai, Yaya. Ni na jawo."

Maman Aku ta ƙarasa gaban gadon ta durƙusa, ta kama hannun Inna ta ɗora a goshinta.

"Inna, na zalunce ki. Kin ji da kunnenki, kika rufa min asiri, ni kuma na sa ƙafa na tafi. Ki yafe min don Allah."

Tsohuwar ta daɗe tana tattaro kalmomi.

"Na so... zuwa," ta ce. "Da kuka tafi... na yi kuka."

Maman Aku ta runtse ido. Ta so a ce mata ba komai, amma wannan ita ce gaskiyar, kuma ta san dole ta ɗauke ta.

"Amma... in kin ɗaga ni... ina jin hannunki... yana rawa. Tun tuni. Ba ki faɗa ba... ni ma ban faɗa ba." Ta shafa kanta. "Na tafi ne... don su ɗanɗana. Na yafe. Tashi... ƙafata ta yi kewar ki."

Aku da ke laɓe a bayan labule ta leƙo. "To yanzu an shirya? Za a koma wurin ruwan?" Duk ɗakin aka fashe da dariya, har Yaya Babba.

An koma ɗin kuwa, Asabar ta gaba, da mota biyu, Injiniya da Yaya ne masu turin keke. Daga nan aka yi tsari: Yaya ta ɗauki Asabar da Lahadi, Injiniya ya ɗauki wankan safe da ɗagawa kafin ya fita shago, Nas ta koya musu yadda ake yi ba tare da an ji ciwon baya ba. Keken ɗinki ya dawo da ƙararsa a falo.

Bayan wata guda Yaya ta zo da jakarta ta kwana biyu, ta tsaya a ƙofa ta nuna musu hanya. "Akwai wani ƙaramin masauki a gindin duwatsun nan na bayan gari, na kama muku ɗaki. Aku da Inna nawa ne har jibi. Ku ɓace min da gani!"

Injiniya ya shirya abubuwa da yawa: hawan dutse, ɗaukar hoto, cin gasasshen kifi a lambun masaukin. Suna isa da hantsi Maman Aku ta ce bari ta ɗan miƙe bayanta minti biyar. Ba ta farka ba sai da rana ta yi sanyi. Ta tarar da shi zaune a kujera kusa da taga, ya rage labule don kada haske ya dame ta, ya cire wa wayarta sauti, abincinta a rufe a kan tebur.

"Innalillahi! Na cinye mana wunin! Me ya sa ba ka tashe ni ba?"

"Wa ya ce an cinye? Ni tunda na aure ki ban taɓa jin kina minshari ba sai yau. Na ƙaru."

Ta jefe shi da filo, sannan ta lalubo waya ta kira gida. Yaya ta ɗauka, ta kara wa Inna a kunne.

"Inna, kin sha na la'asar? An sa miki filon..."

"Kashe... wayar nan," in ji Inna. "Ki kula... da mijinki." Ƙit, aka katse.

Maman Aku ta bi wayar da kallo, ta yi dariya har da ƙwalla. Rabon da ta yi dariyar da babu wani nauyi a ƙarƙashinta, ita kanta ba za ta iya tunawa ba.

Gajiya ba laifi ba ce, kuma faɗin ta ba butulci ba ne. Abin da ya kusa raba wannan gida shi ne shirun da kowa ya yi: mata ta ɓoye gajiyarta har ta kai ta ga ƙarya, miji ya wadatu da yabo, 'yar uwa ta wadatu da ledar lemu. Wanda duk ke da majinyaci a gida, ya dubi hannun da ke ɗaga shi kullum, ya tambaya tun kafin a gaya masa. Wadda kuma ta yi kuskure, ta amsa laifinta ta yi haƙuri da zafin da zai biyo baya, kamar yadda Maman Aku ta yi. Rana ɗaya ta nema ta hanyar ƙarya ta kasa jin daɗinta, gaskiya da haƙuri kuwa suka ba ta hutu, da miji, da uwa.